Ranar da Muka Mayar wa Kaka Taɓo Cikin Gida

Kwana uku muka yi muna gardama a kan launin falmaran da za mu sa. Wannan kuwa bayan ruwa ya riga ya ci kudancin Jidda, ya kwashi motoci ya jibge su kan juna, ya shiga ɗakunan mutane har ƙugu. Mu ɗaliban jami'a mata, mu ashirin da wani abu, muna zaune a wani shagon gahawa mai sanyin na'ura can arewacin gari. Wasu suka ce shuɗi ya fi dacewa tunda garin bakin teku ne. Wasu suka ce ai shuɗi launin ruwa ne, zai tayar wa waɗanda abin ya shafa da hankali. Da ƙyar aka tsaya a kan ruwan lemo. Sunan ƙungiya ya ci kwana biyu, tambari ya ci ɗaya, ɗinki ya ci sauran. Ranar da muka shirya fita ceton al'umma, kwana tara ke nan da ɗaukewar ruwa.

Shugabarmu 'yar ajin ƙarshe ce, ɗiyar wani attajiri. Tana da kirki, wallahi ba zan ci haƙƙinta ba, amma irin kirkin nan ne da ba ya tambayar mutum abin da yake so. Tun da aka haife ta ba ta taɓa wuce Sharafiyya ta yi kudu ba. Ta buɗe taswira a wayarta, ta ɗora farce a kan unguwar Karantina, ta ce nan za mu, don ta ji an ce nan ne aka fi talauci. Sannan ta ce matsala ɗaya ce, tsofaffin wurin ba sa jin Larabci, ana bukatar mai jin yaren Takarna, wato Hausa, don Takarna ake ce wa mutanenmu da suka zo daga ƙasar Hausa da kewaye.

Ni na ɗaga hannu. Har yau in na tuna, sai in rasa abin da ya ɗaga mini shi, in ba son a gan ni ba.

A Jidda aka haife ni, a Jidda aka haifi ubana, kuma yana da takardar ɗan ƙasa. Gidanmu a unguwar Bani Malik yake, hawa na uku. Amma Umma 'yar Karantina ce, kuma mahaifiyarta, Kaka, tana can a lungun da ta shekara sittin da ɗoriya, tana suyar waina da safe, tana sabunta iƙama, takardar izinin zama, duk shekara. Sunan uwarta aka sa mini, saboda haka ba ta kiran sunana, sai dai ta ce Innata. Cikin jikokinta kaf ni kaɗai nake mayar mata da Hausa. Sauran in ta yi musu magana sai su amsa da Larabci suna kallon waya. Duk Juma'a ina wurinta. Ita take yi mini kitso, ni nake jin gulmar lungu tun daga tushe, da labarin garin da aka goyo ta daga can aka taho Hajji ba a koma ba. Ba ni da wanda nake so a duniya kamar tsohuwar nan. Sai dai a jami'a ba wanda ya san da ita. Baƙar fata ba abin kallo ba ne a Jidda, amma kalmar Takruniyya, wato macen Takarna, na san yadda ake lanƙwasa baki in za a faɗe ta, kuma na yi shekara uku ina kakkaucewa kar a faɗe ta a kaina.

Shugaba ta dube ni da mamaki ta ce, “Ke? A ina kika iya?”

Na ce, “Mai aikin gidanmu ce ta koya mini ina ƙarama.”

Ba mu taɓa ɗaukar mai aiki ba. Ni da Umma muke wanke-wanke, ranar ma sai da na yi nawa kafin na fito. Amma ƙaryar ta zauna daidai, har wata ta ce ita ma tasu ta koya mata ƙirga ɗaya zuwa goma da yaren Filifin.

Umma ta je Karantina washegarin ruwan. Ni ban je ba, ina da taro. Da ta dawo bayan kwana uku ta ba ni labari: matan lungu sun yi gayya, gida-gida, da tsintsiya da bokiti da farantin abinci, suna kwashe taɓo suna tarawa a bakin lungu. Maza sun ɗora katifu kan rufi, sun tallabe katangun da suka karkace. Kafin kwana biyu an gama lungun Kaka, a na uku ta hura wutar tanda. Ta aiko a tambaye ni ko lafiya, na ce a gaya mata karatu ne ya yi yawa. Na lallashi kaina da cewa Karantina faɗi gare ta, lungu ya fi a ƙirga, ba lallai mu faɗa nata ba. Duk da haka, ranar fita na ɗaura niƙabi, ni da ban saba sa shi ba, na ce ƙura ce ba na so.

Motarmu ta tsaya inda kwalta ta ƙare. Muka sauko a jere, falmaran iri ɗaya, kowa da takarda a hannu. Iskar teku na kaɗowa ta wajen tashar jiragen ruwa, haɗe da warin kwata da na dizal. Kafin mu gama gyara mayafi, titin ya zama wayam. Mai shayi ya bar tukunya kan wuta, mai gyaran takalmi ya bar ƙafa ɗaya a kan benci, ƙofofi sai ƙaf-ƙaf kake ji. Duk wanda ya san Karantina ya san ba a shigarta da kaya iri ɗaya da takarda a hannu, don masu binciken iƙama kaɗai suke zuwa haka. Na sani sarai, na yi shiru. Shugaba ta dafe ƙirji ta ce, “Miskinai, bala'in ya firgita su, har mutane suke tsoro.” Ta miƙo mini lasifika in kira su. Na yi kiran duniya da Hausa, na ce mu ɗalibai ne, taimako muka kawo. Akuya ɗaya ce ta leƙo.

Sai Shugaba ta yi dabara, kuma dabararta ce ta kashe ni. Ta ce mu bi layin da ruwa ya bari a jikin katangu, inda ya fi tsawo nan ɓarna ta fi yawa. Lungun Kaka a kwari yake, ko yayyafi aka yi can yake taruwa. Haka layin nan ya yi ta jan mu, daga gwiwa zuwa cinya zuwa ƙugu, ni kuwa ina baya ina karanta duk addu'ar da na iya, har ya kai mu ƙofa ɗaya tilo da take buɗe a lungun. Kaka iƙamarta ba ta taɓa mutuwa ba, kuma ko ta mutu ban ga wanda take tsoro ba.

Tana zaune a tsakar gida kan kujera 'yar tsugunno tana goge tanda. Ta ɗago ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. Niƙabi bai hana ta komai ba, matar da ta san tafiyata tun ina rarrafe. Na ga fuskarta ta buɗe, ta ajiye tandar, ta fara yunƙurin tashi.

Shugaba ta riga ta. Ta matso, ta ɗaga murya yadda ake yi wa kurma, ta ce da Larabci, “Ya Hajja, mu ɗalibai ne. Wannan ita ce tafintarmu. Wajen mai aikinsu ta koyi yarenku, mashaAllah.” Ta dafa kafaɗata ta turo ni gaba.

To, Kaka ta fi ni Larabci. Ita ce take cinikin shinkafa da Yamalawan kasuwa har su haɗa ta da Allah ta tafi. Ba harafin da ya wuce ta. Ta koma ta zauna a hankali. Ta dube ni, duban da bai fi ƙiftawa biyu ba, amma na ji shi har tafin ƙafata. Sannan ta ɗauki tandarta ta ci gaba da gogewa, ta ce da Hausa, “Me take cewa, 'yan mata? Ni ba na jin yaren nan nasu.”

Na maimaita mata, ban da zancen mai aiki.

Ta ce, “Gaya mata sun makara. Ruwa bai jira su ba, mu ma ba mu jira su ba.”

Na juya na ce wa Shugaba, “Ta ce marhaba, Allah ya yi albarka.”

'Yan uwana suka bazu cikin gida suna neman ɓarna, sai suka dawo jiki a sanyaye. Daɓe tas, tukwane a kife suna sheƙi, gado a gyare, ga turaren wuta yana tashi. Ban taɓa ganin mutanen da tsabta ta ɓata wa rai irin ranar ba. Mai ɗaukar mana hoto, wata siririya da kyamara ta fi ta nauyi, ta ja Shugaba gefe, amma muna ji. Ta ce jami'a ba ta ba da takardar shaidar aikin sa-kai sai da hoto biyu, na kafin aiki da na bayan aiki, ita kuma a gidan nan ba ta ga kafin ba, bayan kawai take gani.

Shugaba ta yi tunani. Ta leƙa waje, ta hango tarin taɓon da matan lungu suka jibge. Ta ce, “Ai ba ƙarya za mu yi ba, ya banat. Taɓon gidan nan ne, daga nan ya fita. Mayar da shi za mu yi na ɗan lokaci don duniya ta ga halin da suka shiga, sannan mu kwashe da hannunmu. Halas.” Kowa ya yaba da wannan fatawa. Ta ce in nemi izinin Hajja.

Na nema, idona a kan tandar.

Kaka ta ce, “Taɓon da muka kwana biyu muna kwashewa, bayana har yau bai miƙe ba, shi za a dawo mini da shi? Abin da ake koya muku ke nan a makarantar?”

Na durƙusa kusa da ita kamar mai ƙara bayani, na rage murya na ce, “Kaka, don Allah. Takarda za a ba mu, sai da ita ake gama karatu.”

Ta ce, “Wa kike ce wa Kaka? Ki ce Hajiya, kar su ji.” Ta hure tandar, ta ɗora ta kan murhu. “In takarda ce, a zuba.”

Aka zuba. Muka sa safar hannu da takunkumi, muka yi layi daga bakin lungu zuwa tsakar gida muna miƙa wa juna bokiti, kuma in faɗi gaskiya, duk aikin da muka yi ranar ba wanda muka yi da tsari kamar wannan. Taɓon ya kwana tara a rana ya bushe, sai da muka buɗe katan ɗin ruwan gora da muka kawo sadaka muka jiƙa shi. Mai hoto ta ce a fito da katifa a jingine, a watsa tukwane, a kifar da kujera. Kaka da kanta take nuna mana. “Nan ya fi yawa, ƙara nan. Wancan kwanon a bakin ƙofa na tsince shi, kai shi can.” Ni kuma ina fassarawa, wannan karon daidai. Zuwa lokacin matan lungu sun gane ba kame aka zo ba, sun fito sun jeru a ƙofa da kan rufi, hannu a haɓa. Rabinsu sun goya ni. Maƙwabciyar Kaka ta ƙura mini ido ta buɗe baki, sai Kaka ta ce mata ba tare da ta waiwaya ba, “Kama ce kawai, ba ita ba ce.” Matar ta rufe bakinta, kuma daga nan ba wadda ta ƙara dubana sau biyu.

Abu ɗaya Kaka ta roƙa. Ta kai mu bayan ɗakin kwananta ta nuna katanga, ta tsage daga sama har ƙasa, hannun mutum zai shiga. Ta ce wannan ce take hana ta barci, in da mai taimako to ga wurin taimako. Na faɗa wa Shugaba kalma da kalma, har na ƙara gishiri. Shugaba ta rubuta a takarda, ta ce gini aikin ɗaliban injiniya maza ne, yana cikin mataki na biyu. Amma ta ce kar Hajja ta damu, mun zo da fenti. Haka muka shafe katangar da ruwan lemo, har cikin tsagar, don ya dace da falmaran. Mataki na biyu kuwa har aka rushe Karantina bai iso ba. Kawuna da mazan lungu ne suka sake ginin bayan sati biyu.

Ana cikin haka Kaka ta shiga ɗaki ta fito da atamfarta ta zuwa suna da 'yan kunnen zinariya, don a wurinta ba a ɗaukar mutum hoto da kayan suya. Ta kuma soya waina cike da tire, ta dafa shayi, tunda baƙi baƙi ne ko da taɓo suka zo. 'Yan uwana suka yi ta kallon wainar suna tambayata ko da wane ruwa aka kwaɓa. Mai hoto ta ɗanɗana ɗaya don kar a ji kunya, ta ci shida. Da bakin nan mai maiƙo ta ce kayan Hajja sun yi kyau da yawa, ba wanda zai yarda tana cikin wahala. A ce ta mayar da na ɗazu, ta cire zinariyar, ta zauna a ƙasa.

Wannan na ɗan tsaya kafin in faɗa. Kaka ba ta jira ba, hannunta ya riga ya kai kunne, sai ta tuna ba ta jin Larabci, ta mayar da shi kamar mai sosa wuya. Ta ce, “Faɗi mana, 'yan mata, aikinki ne.” Na faɗa. Ta cire, ta canza, ta zauna a gefen taɓon ta miƙe ƙafa. Aka ce tafinta ce ta fi cancanta ta miƙa mata katan, tunda ita ta sha wahalar magana. Na sunkuya na miƙa wa kakata katan mai gwangwanin kifi da cuku da biskit, aka ce mu tsaya haka, aka ce in ƙara sunkuyawa, aka ɗauka sau biyar. Hannuwanmu suna haɗe a ƙarƙashin katan ɗin. Na matsa yatsunta, ba ta matsa nawa ba.

Kwashe taɓon bai kai mana rabin zuba shi daɗi ba. Rana ta take, safar hannu ta yage, wasu suka tuna suna da lacca. Muka share tsakiya inda kyamara take kallo, muka tura sauran ƙarƙashin randa da bayan ƙofa. Aka ɗauki hoton bayan aiki, kowa ya ɗaga babban yatsa. Ina ganin matan lungu suna naɗe hannun riga suna jiran mu fita.

A bakin ƙofa Shugaba ta rungume Kaka, har da ƙwalla, ta ce ranar nan ta canza mata rayuwa. Ta ce in tambayi Hajja ko tana da saƙo ga ɗalibai.

Kaka ta ce, “Gaya musu na gode, Allah ya ba da takarda.” Sannan ta ƙara da cewa, “Ki kuma gaya musu ina da jika a makarantar tasu, ko sun san ta. Kwana tara ban gan ta ba.”

Duk suna kallona. Kalma uku ta ishe ni, in ce ni ce jikar. Ita kanta da ta so, da ta faɗa musu da Larabcin da ya fi nasu, amma ta bar mini. Na ce, “Ta ce ta gode, Allah ya ba da nasara.”

Shugaba ta ce, “Kamar ta faɗi abin da ya fi haka tsawo.”

Na ce, “Sauran addu'a ce.”

A mota aka yi mini tafi, aka ce ba don ni ba da aikin bai yiwu ba. Na yi murmushi a bayan niƙabi.

Juma'a na bi Umma. Tun a hanya nake shirya maganar da zan yi, na san za ta zage ni tas, na kuma shirya shan zagin, don Kaka in ta zage ka ta gama da kai ke nan, sai ta zuba maka abinci. Tsakar gidan an sake wanke shi. Na cire takalmi na durƙusa na ce, “Kaka, ina wuni.”

Ta amsa mini da Larabci, kamar baƙuwa, ta ce, “Ahlan ya binti, tafaddali.” Ta shimfiɗa mini dardumar baƙi, ta ɗauko kofin gilashin da ba a fito da shi sai Sallah, ta tambaye ni karatu da lafiyar mahaifina, duk da Larabci mai ladabi. Sannan ta juya ga Umma ta ci gaba da Hausa. Na jira Umma ta fita, na kama ƙafarta na ce ta yafe mini, ina kuka. Ta shafa kaina ta ce da Larabci ba abin da ya faru, Allah ya yafe mana gaba ɗaya, in sha shayina kar ya huce.

Na ɗauka fushin sati ɗaya ne, ko na wata. Da aka rushe Karantina gidanmu ta dawo, ɗaki ɗaya muke kwana. Tana yi wa Umma Hausa, tana yi wa ƙannena da ba sa mayar mata, tana yi wa kyanwar maƙwabta in ta hau taga. Ni kuwa in na yi mata Hausa sai ta saurara har in gama, ta amsa mini da Larabci, cikin fara'a, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Haka muka zauna shekara biyu har Allah ya karɓi ranta, ban ƙara jin ta ce Innata ba.